Yadda Ake Auna Talaucin Yara a Matakin Jiha

Duk jami'in da aka ɗora wa aikin gano yawan yaran da ke cikin talauci a jiharsa, abu na farko da zai tsayar shi ne ma'aunin da zai yi aiki da shi, domin ma'aunai biyu ne, kuma ba amsa ɗaya suke bayarwa ba. Na farko yana duba abin da gida ke kashewa. Da shi Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato NBS, ta yi bincikenta na 2018 zuwa 2019, inda ta ɗauki duk wanda abin da yake kashewa a shekara bai kai naira 137,430 ba a matsayin matalauci, aka samu kashi 40 cikin 100 na al'ummar Najeriya, ban da jihar Borno da ba ta shiga lissafin ba. Wanda zai ɗauko wannan adadi na naira 137,430 a yau tilas ne ya ɗaga shi gwargwadon hauhawar farashi.

A ganina ma'auni na biyu ya fi dacewa da yara, saboda yaro ba ya riƙe kuɗi, kuma ana samun gidan da ke da rufin asiri amma yarinyar gidan tana talla a lokacin makaranta. Wannan ma'auni, wanda masana tattalin arziki Sabina Alkire da James Foster suka tsara, yana ƙirga abubuwan da aka rasa ne: abinci mai gina jiki, zuwa makaranta, ruwa mai tsabta, banɗaki, makamashin girki da sauransu. Ana ba kowanne nauyinsa, a tara nauyin abin da gidan yaron ya rasa, idan ya kai iyakar da aka sa sai a ƙirga shi cikin matalauta. A rahoton NBS na 2022 iyakar ita ce kashi 26 cikin 100, kuma an samu kashi 67.5 na yara 'yan ƙasa da shekara 18 a cikin talauci. A tsakanin jihohi, idan aka haɗa manya da yara, Sakkwato ta kai kashi 91, Ondo kuwa kashi 27.

Kada a tsaya ga yawan matalautan kaɗai. A lissafa tsananin rashin nasu, wato matsakaicin nauyin abin da suka rasa, a ninka biyun. A matakin ƙasa, a rahoton 2022, yawan matalauta manya da yara kashi 62.9 da aka ninka da tsananin rashi kashi 40.9 ne ya ba da 0.257.

Wurin da aikin ya fi lalacewa shi ne bakin zaure. Sai an koya wa mai tambaya cewa gida a wannan lissafi yana nufin masu ci daga tukunya ɗaya, domin a babban gida mai sassa da yawa ana iya samun tukunya uku ko huɗu. Idan uwa ba ta riƙe ranar haihuwar ɗanta ba, a tuna mata da Sallah ko kaka ko daminar da ta haihu, tunda kuskuren 'yan watanni yana sauya hukuncin tsawon yaro da nauyinsa. Yaro mai wata 6 zuwa 59 ana zagaya damtsensa da tef ɗin awo, idan bai kai santimita 11.5 ba ya shiga ja, wato tamowa mai tsanani. Lokacin fita ma abin lura ne, domin amsar da za a samu a tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, ba ita za a samu bayan girbi ba.

Sannan binciken gida-gida ba ya ganin yaron da ba ya kwana a gida. Almajirin da ke tsangaya da yaron da ke sansanin 'yan gudun hijira sukan faɗi daga lissafi, alhali su ne suka fi shiga wahala, don haka jihar da ke da su da yawa sai ta yi musu ƙidaya ta daban. Haka kuma binciken 2022 ya tsaya ne a kan mazaɓun sanata 109, saboda haka ba a tsaga sakamakonsa a raba wa ƙananan hukumomi. Wajen mayar da kaso zuwa adadin yara kuwa, a rubuta a fili cewa hasashe ne da aka gina a kan ƙidayar 2006.