Yadda Za Ka Sa Aikin Tamfilet Ya Zama virtual a Sabon Harshen Kwamfuta

Kafin ka taɓa kwamfaila (manhajar da ke mayar da rubutun shiri zuwa harshen na'ura), ka fahimci dalilin da ya sa C++ ta haramta aikin tamfilet, wato aikin da aka rubuta sau ɗaya don nau'o'in bayanai daban-daban, ya zama virtual, wato aikin da ake zaɓar sigarsa lokacin gudana bisa ajin abin da aka kira shi a kansa. Kowane aji mai aikin virtual yana da teburin vtable, wato jerin adireshin ayyukan, mai ƙayyadaddun gurabe, kowane aikin virtual da gurbinsa, alhali tamfilet guda yana haifar da sabon aiki duk lokacin da aka kira shi da sabon nau'i. Da yake fayil-fayil ake harhaɗa shiri, mai gina teburin ba ya ganin kiran da wani fayil zai yi da int ko string, balle ya san yawan guraben da zai tanada.

Saboda haka, abin da za ka fara yankewa shi ne lokacin da za a rufe jerin nau'o'in.

Idan lokacin haɗa fayiloli ka zaɓa, kwamfaila ta ajiye bayanin kowane kira, linka (manhajar da ke haɗa fayilolin su zama shiri ɗaya) ya tattara su, ya samar da kwafin aikin ga kowane ajin da ya gaji uban, sannan ya faɗaɗa teburin. Za a yi ta maimaita zagayen har sabon kira ya daina ɓullowa, domin kwafin da aka samar shi ma yana iya kiran wani. Ka sanya wa zurfin iyaka, tun da aikin da ya karɓi wani nau'i T kuma ya kira kansa da List<T> ba zai taɓa ƙarewa ba. Kira yana da sauri a nan, sai dai laburaren da aka loda bayan shiri ya fara gudana yana iya zuwa da nau'in da ba a tanadar masa gurbi ba.

C# ta ɗage hukuncin zuwa lokacin gudana tun sigarta ta 2.0 a 2005: ana neman adireshin aikin ta amfani da ajin abin da kuma nau'o'in kiran, in babu shi JIT (mai harhaɗa shiri yayin da yake gudana) ya samar, a adana don gaba.

Akwai kuma hanyar kwafi ɗaya tak. Java, tun 2004, tana share nau'in, shi ya sa tamfilet ɗinta ba ya karɓar int kai tsaye. Swift kuwa tana miƙa wa aikin ɓoyayyen bayani game da girman nau'in da yadda ake kwafarsa da rushe shi. Ga harshen da ba shi da JIT, hanyar Swift na fi amincewa da ita, domin gurbi ɗaya ya wadatar kuma harhaɗa fayil-fayil bai lalace ba. Inda kwamfaila ta ga ainihin nau'in, sai ta samar da kwafi na musamman ta dawo da saurin da aka rasa.