Yadda Ake Maganin Zafin Inji a Mota Mai Turbo da Aka Ƙara wa Ƙarfi

Duk wanda ya kai motarsa aka yi mata tunin, wato aka sake saitin injin, aka ƙara bust, wato matsin iskar da turbo ke tura wa inji, ya sani cewa zafi ma ya ƙaru, amma lagireton dai shi ne na kamfani. Ga kuma gosulon Legas, ka maƙale a gadar Third Mainland ko Ikorodu Road da tsakar rana AC a kunne, kafin ka ankara allurar zafin inji ta haye.

In ta haye, kashe AC ka samu gefe ka tsaya. Don Allah kar ka taɓa murfin lagireto sai injin ya huce, ruwan nan zai ƙona maka fuska.

Abu na farko ka lura yaushe take zafin, don nan ne rabin aikin. In a gosulo take yi amma da hanya ta buɗe sai allura ta sauko, to iska ce matsalar, duba fanka ko tana tashi, duba fiyus da rile, sannan ka leƙa gaba. Yawancin masu gyaran nan babbar intakula, mai sanyaya iskar turbo, suke dasawa a gaban lagireto, ga kwandensan AC a tsakani, iska sai ta ratsa biyu kafin ta iso, ta riga ta ɗumama. A wanke ƙura da ledojin da suka maƙale, a mayar da robar da ke kewaye fanka in an cire, a toshe gefe-gefe yadda iska ba za ta zille ba.

In kuma sai ka taka ta a hanyar Ibadan take tafasa, lagireton ne ya toshe ko ya yi kaɗan. A wanke shi, in bai yi ba a sa na alminiyam mai kauri, a ƙara da kula, wato abin sanyaya baƙin mai, tunda turbo na dafa mai sosai. Ka koma wurin mai tunin ya jona kwamfuta, in fetur ya yi ƙaranci a kan iska zafi zai ƙaru, gara a rage bust ɗin.

Kafin ka kashe manyan kuɗi a Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, canza murfin lagireto, yawanci 1.1 bar ne, duba lambar da ke jikin naka. Murfi in ya saki ruwa na tafasa da wuri. Ka bar zuba piya wata, tsatsa yake kawowa, sa kulan, ruwan sanyaya inji, rabi da rabi da ruwan batir tatacce wanda ba asid a ciki, a fitar da iskar da ta shiga tiyo tas.

Bakanike zai ce Alhaji a cire tamostat kawai, ƙasarmu zafi ce. Kar ka yarda, shi ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in injin ya yi zafi. Ɓoye ciwo ne, injin zai daɗe bai kai zafinsa na aiki ba, wajen digiri 90, ya riƙa shan mai. In tamostat ɗin ya mutu a sa sabo.

Farin hayaƙi a salansa, kumfa a cikin lagireto, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, wannan yawanci gasket ɗin da ke ƙarƙashin kan inji ne ya ƙone. Kar ka ƙara tuƙa ta, a ja ta gareji a sauke kan injin a auna ko ya lanƙwashe kafin a sa sabon gasket.