Yadda Ake Koya wa Yara Siffanta 'Yan Gidansu da Turanci

Yaro ɗan aji uku zai iya rera maka "father, mother, brother, sister" daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe. Amma ka ce ya faɗi abu ɗaya game da mahaifiyarsa da Turanci, sai ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin riga. Yaron nan kuwa, in an fita tara, shi ne zai cika wa abokansa kunne da labarin yayansa dogo mai buga ƙwallo, da kakarsa da ba ta rabo da goro. Abin faɗa yana da shi cike da baki. Abin da ya rage masa kalmomi ne 'yan kaɗan, da sanin inda ake ajiye kowace a cikin jimla.

Tsarin ilimi na Najeriya, wanda aka fara fitarwa a 1977, ya daɗe yana cewa a koyar da yara da harshen yankinsu a shekaru uku na farkon firamare, Turanci yana matsayin darasi guda, daga aji huɗu kuma ya zama harshen koyarwa. An yi ta sauya magana a kan wannan daga baya, amma abin da malami ke gani a aji bai sauya ba: yaro yana tunani da Hausa, ana kuma jiran ya yi magana da Turanci. Darasin siffanta iyali wuri ne mai kyau na buɗe masa baki, domin babu abin da ya sani kamar mutanen gidansu. Kayan aiki ba su wuce allo da alli da 'yan guntayen kwali ba.

A fara da gidan da ba na kowa ba

Kada a shiga aji a ce wa yara kowa ya faɗi yadda babansa yake. A cikin yaran nan akwai maraya, akwai wanda iyayensa suka rabu, akwai 'yar riƙo da ke hannun gwaggonta. Tambayar da malami ya ɗauka ba komai ba ce tana iya zama abin da yaro zai kwana yana tunawa. Saboda haka a fara zana wani gida a allo, a ce gidan Malam Audu ne. A zana shi dogo da gemu, a zana matarsa, da tsohuwar mahaifiyarsa riƙe da sanda, da yara uku ko huɗu, har da jariri a goye. Ba sai malami ya iya zane ba, layi da da'ira sun wadatar, muddin dogo ya fito dogo, gajere ya fito gajere.

Ni dai na fi son gidan ya yi kama da namu. Hoton uba da uwa da yara biyu da kare, irin wanda ke cikin littattafan da aka buga a waje, bai yi kama da inda yawancin yaranmu suka fito ba. A sa kaka a ciki, a sa kawu ya zo baƙunta.

Sannan a yi hirar minti biyar da Hausa zalla. Wane ne wannan? Yaya yake? Wa ya fi kowa tsufa? Wa kuke ganin ya fi faɗa? Wasu malamai suna ganin shigo da Hausa darasin Turanci gazawa ce. Ban yarda da wannan ba. Minti biyar ɗin nan su ne ke fito da abin da yara za su faɗa da Turanci a sauran lokacin.

Sunayen dangi

Daga nan a ɗora sunayen Turanci a kan mutanen da ke allo, da baki tukuna, ana nunawa ana faɗa. Akwai wuraren da harsunan biyu ba su zo ɗaya ba, gara malami ya san su kafin yara su tambaye shi. Mu muna raba 'yan'uwa da shekaru: yaya daban, ƙane da ƙanwa daban. Turanci jinsi yake dubawa, "brother" da "sister", in ana son nuna girma sai an ƙara "older" ko "younger". Mu muna raba kawu da baffa, muna raba gwaggo da inna, shi kuwa ya haɗe su a "uncle" da "aunt". Amma kaka, wadda mu kalma ɗaya ce ga namiji da mace, shi ya raba ta biyu, "grandfather" da "grandmother".

In yaro ya kira ɗan baffansa "my brother", a ƙyale shi a wannan mataki, ai haka yake kiransa a gida. "Cousin" za ta zo daga baya. In yarinya ta tambayi yadda za ta kira kishiyar mahaifiyarta, a ba ta "stepmother" cikin natsuwa, kada a bari aji ya mai da abin dariya. Kuma kada a matsa wa yaro sai ya ambaci sunan mahaifinsa. Da yawa an tarbiyyantar da su a kan jin nauyin hakan, darasin kuma ba ya bukatarsa.

Siffofi shida, biyu-biyu

A rana guda kada a wuce siffofi shida, kuma a kawo su kowace da kishiyarta: "tall" da "short", "old" da "young", "big" da "small". A koyar da su da jiki. In an ce "tall" kowa ya miƙe ya ɗaga hannuwa sama, in an ce "short" a durƙusa, in an ce "old" a ranƙwafa kamar mai dogara sanda. Wannan ita ce hanyar da James Asher, wani malamin jami'a a Amurka, ya fito da ita tun shekarun 1960: mai koyo ya ji kalma ya amsa da motsi kafin a nemi ya furta ta. Tana aiki ko da aji ya cika maƙil, domin kallo ɗaya malami zai yi ya ga wanda ya durƙusa alhali an ce "tall".

Bayan sun kama, a juya: malami ya yi motsin, yara su faɗi kalmar. Sai a koma kan zanen, a nuna kaka, su ce "old".

Siffofi biyu ne nake ba da shawarar a yi taka-tsantsan da su. Ta farko "fat". A wajenmu a ce wa mutum ya yi ƙiba yakan zama yabo, alamar hutu da kwanciyar hankali, amma a Turanci faɗa wa mutum ita cin fuska ne. A koyar da ita a kan saniya ko kyanwa. Ta biyu launin fata. Yaro zai ɗauki "fara" ya mayar "white", wanda ya ji kuwa zai ɗauka uwar Baturiya ce. Daidai shi ne "fair" ko "light-skinned", da "dark" ko "dark-skinned". Duk da haka ni barin su nake yi sai yara sun ƙara girma. Mun san yadda ake tsokanar yarinya baƙa a unguwa, mun san kuma inda hakan ke kai wasu, wajen man bilicin. Bai kamata aji ya ƙara buɗe wannan ƙofar ba.

Gina jimla

Nan ne aikin yake, nan kuma ya kamata a daɗe. Kusan duk kuskuren da yaro zai yi a nan, Hausarsa ce ya ɗauko yadda take ya sa mata kalmomin Turanci. Malamin da ya gane haka ba zai yi fushi ba, zai san inda zai gyara.

Yaro yana cewa "Babana dogo ne." Dirkar nan, "ne" ko "ce", a ƙarshe take zuwa. Da ya koma Turanci sai ya ce "My father tall", ya bar "is" a baya. Maganin wannan kwali huɗu ne: a rubuta "My", "father", "is", "tall", kowace a kwalinta, a fito da yara huɗu su riƙe su jeru a gaban aji. A karanta tare. Sai a ce mai riƙe da "is" ya koma ya zauna, a sake karantawa, a tambayi aji wa ya ɓace. Daga ranar, duk jimlar da aka karanta, a riƙa tafawa sau ɗaya daidai kan "is". In aka yi kwana biyu ana haka, yaron da ya manta da ita 'yan'uwansa ne za su tafa masa.

Abu na biyu albishir ne ga yara, a faɗa musu shi a haka. A Hausa sai sun san dogo, doguwa, dogaye. Gajere, gajera, gajeru. Tsoho, tsohuwa, tsofaffi. A Turanci siffa ba ta sauyawa. A rubuta ukun Hausa a gefe ɗaya na allo, a rubuta "tall" sau uku a ɗaya gefen. Yaro mai kaifin basira wanda ya riga ya koyi jam'i shi ne zai rubuta "My brothers are talls". A yaba masa tunanin, sannan a goge harafin ƙarshen a gabansa.

Na uku wurin zama. Muna iya cewa dogon mutum, muna iya cewa mutum dogo. Turanci hanya ɗaya ya bari, siffa a gaba: "a tall man". A nan ne kuma za a nuna "an old man", a sa su furta ta da "a" su ji yadda baki ke sarƙewa, su gane dalilin "an" da kansu.

Na huɗu, kalma ɗaya tamu da ta rabu biyu a can. Dogo mutum ne, doguwa kuma hanya ce ko igiya, shi ya sa za ka ji "My uncle is long". A ɗauko igiya a shimfiɗa a ƙasa a ce "long", a tsai da yaro kusa da ita a ce "tall". Haka ƙarami yake rabuwa zuwa "small" na jiki da "young" na shekaru.

Wajen "he" da "she" kuwa yaranmu sun ci riba, tunda suna da shi da ita, suna da ƙanensa da ƙanenta. A nuna musu "his brother" da "her brother" kusa da waɗannan, ba sai an yi dogon bayani ba.

Hali, sannan gidan kowa

A wata ranar daban a kawo siffofin hali: "kind", "patient", "generous", "funny", "quiet", "strong". Su ne na fi so a duk darasin, domin da su ne yaro ke faɗin abin da ya ɗauki mutum a ransa. Amma da tarko a ciki. Muna cewa tana da kirki, yana da ƙarfi, tana da haƙuri, sai yaro ya fassara ya ce "She has kind". A ba su ƙa'ida mai sauƙi: abin da za a iya nunawa da yatsa, kamar gemu da gashi da tabarau, shi ke tafiya da "has"; hali kuwa da "is" yake tafiya. "He has a long beard. He is generous." A raba allo gida biyu, a riƙa miƙa wa yara kwali suna kai kowane gidansa.

Sai yanzu ne za a juya ga gidajensu. A ce kowa ya zana mutum ɗaya da yake so a cikin waɗanda yake zaune da su. A faɗe shi haka, kada a ce uba ko uwa, don maraya ya zana kakarsa ko yayarsa ba tare da ya ji ya fita daban ba. Kowa ya juya ga na kusa da shi ya faɗi jimla uku, ɗayan ya saurara, sannan su yi musaya. Aji zai kaure da surutu, a bar shi ya kaure. Malami ya zaga yana saurare. In ya ji "My sister kind", ya amsa da "Oh, your sister is kind!" yana ɗan danna "is", ya wuce. Yaron da aka tsayar a tsakiyar magana aka yi masa tsawa, gobe ba zai ɗaga hannu ba.

Wasan cinke yana ƙara armashi: ɗaya ya ce "She is old. She is short. She is funny. Who is it?", sauran su canka daga gidan Malam Audu.

Furuci kuma a ba shi minti biyu kacal. A "mother", "father" da "brother" harshe ya leƙo tsakanin haƙora. A "strong" kada a cusa wasali tsakanin baƙaƙen farko. Don raba farkon "funny" da na "patient", a riƙe takarda a gaban baki: a na farko haƙoran sama suna taɓa leɓen ƙasa, a na biyu leɓɓa suna rufewa su buɗe, takarda ta motsa.

Rubutu shi ne na ƙarshe. A fara da cike gurbi, daga baya kowa ya rubuta jimlolinsa uku ƙarƙashin zanensa. Aikin gida kuma ya zama wanda iyaye za su iya sa baki ko ba su jin Turanci: yaro ya tambayi wani babba a gida yadda kakansa yake da ƙuruciya, ya dawo da siffofi biyu da Hausa, a nemo Turancinsu tare a aji. Don auna fahimta, malami ya tsaya a bakin ƙofa lokacin tashi, yara biyar su faɗa masa jimla ɗaya kowannensu kafin su fita, gobe wasu biyar. In yawancinsu suna kawo "is" ba tare da an tafa musu ba, an kai lokacin shiga kwatance. Za su fara da "He is tall than me", domin a Hausa "ya fi ni tsawo" ake cewa, siffar ba ta sauya kama. A tsai da yara biyu baya da baya a gaban aji, a rubuta "tall" a kwali ɗaya, "er" a wani, "than" a na uku, a ba wasu yara uku su riƙe su jeru a tsakaninsu.