Yadda ake auna iskar radon a gidajen yanki guda

Radon iska ce marar wari marar launi, mai fitar da tururin nukiliya. Daga yuraniyom da ke cikin dutse da ƙasa take tasowa, ta biyo tsagar daɓe ta taru a ɗaki. In aka cire taba sigari, ita ce kan gaba wajen jawo kansar huhu. Yawancin jihar Kaduna kuwa a kan dutse take, irin na Kufena da Kagoro, don haka awon ba ɓata lokaci ba ne.

A fara da mai unguwa, sannan a zaɓi gidaje ta hanyar ƙuri'a, na laka da na bulo duka. Sakamakon gida ɗaya ba ya wakiltar na maƙwabci, ko da katanga ɗaya ta raba su.

Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne ɗan gwangwanin roba mai falle na CR-39 a ciki, wata irin roba da tururin radon ke bar wa tabo. Ba ya buƙatar wuta ko batir. Kowane gida biyu: ɗaya a ɗakin kwana, ɗaya a falo. A rataye shi kamar mita ɗaya zuwa biyu daga ƙasa, nesa da taga, ƙofa da fanka. Ban da kicin, ban da banɗaki. Kada kuma ya jingina da bango, musamman na laka, domin bangon na fitar da wata iskar, toron, wadda ke kumbura lissafi.

Ya kwana aƙalla wata 3 a wurin. Nan ake yawan yin kuskure: da hunturu ana toshe tagogi saboda ƙura da sanyi, radon ta taru, da zafi komai a buɗe, ta ragu. Awon lokaci ɗaya ba zai nuna matsakaicin shekara ba, sai an maimaita. A rubuta lambar ma'auni da ranar sawa da ta cirewa. A kuma roƙi uwargida kada a jefa shi cikin durowa ranar shara, kada yara su buɗe.

Da an cire, a liƙe shi cikin ledar da iska ba ta ratsawa. A bar wasu ma'aunai a rufe tun farko, don gano abin da suka ɗauka a hanya. A ɗakin gwaji ake jiƙa fallen cikin ruwan sodar yin sabulu mai zafi, a ƙirga tabon da ya fito da madubin likita, daga nan a lissafa yawan radon.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a sa iyaka a bekarel (ma'aunin ƙarfin tururin nukiliya) 100 a kowace mita kubik ta iska; in hakan bai yiwu ba, kada a wuce 300. Gidan da ya haura iyakar, a toshe tsagar daɓe, a ƙara mashigar iska, a sake aunawa.