Tsofaffin libarba da mariƙinsu: kurakuran da ke cin kuɗin masu tarawa

Wanda ya taɓa shiga baje kolin bindigogi a Amurka ya san teburin da dattawa ke cincirindo a kansa: na tsofaffin libarba, an jera su a kan ƙyalle, kowace da 'yar takardar farashi ɗaure a jikinta. Colt, Smith & Wesson, Ruger, jefi-jefi Webley ta Ingila. Wasu sana'arsu ke nan, wasu kuma sha'awa ce irin ta mai tara tsofaffin kuɗi ko takubba. Na daɗe ina zagaya irin waɗannan tebura, kuma na lura yawancin asarar da sabon shiga ke tafkawa daga hannunsa take fitowa, saboda ɗokin gyara abin da bai lalace ba.

Kafin komai, maganar doka. Wannan harka ta ƙasashen da suka halatta ta ce. A Najeriya, dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin jerin haramtattun makamai, har da tsofaffi masu cin albarushi ta baki, kuma ba a mallakarsu sai da lasisin shugaban ƙasa. Tsufan bindiga ba ya wanke ta. A Amurka ma mutane na rikita abu biyu. Wadda aka ƙera a 1898 ko kafin nan ita dokar tarayya ke ɗauka a matsayin kayan tarihi. Wadda ta kai shekara 50 tana shiga ajin kayan masu tarawa, amma har yanzu bindiga ce a idon hukuma, kuma kowace jiha da nata ƙarin sharuɗɗan. A tambaya kafin a biya kuɗi.

Sabunta rini da goge tsufa

Wannan shi ne kuskuren da ba ya gyaruwa. Mutum ya sayi Colt Single Action Army ta farkon ƙarni na 20, ya ga baƙin rinin ƙarfenta ya koɗe a bakin bututu da gefen gangar da ke juyawa da harsasai, sai ya kai ta a goge a sake rina ta. Ta dawo tana walƙiya, darajarta kuwa ta faɗi warwas. Garin neman gira an rasa ido. Masu tarawa asalin fatar da bindiga ta fito da ita daga masana'anta suke saye, ko da saura kaɗan ta rage. Koɗewar da kube ya yi mata cikin shekara ɗari shaida ce, kuma injin gogewa kan shafe ta cikin minti goma.

Idan kai ne mai saye, koyi gane wadda aka taɓa. Dubi rubutun kamfani da tambarin dokin Colt: in sun yi dishi-dishi kamar an shafe su da yatsa, an goge. Dubi ramukan sukurori, na asali bakinsu a miƙe yake, na wadda aka goge kuwa ya lotsa kamar bakin faranti. A Smith & Wesson akwai murfin gefe da ke rufe kayan ciki, kuma layin haɗuwarsa da jiki siriri ne kamar gashi. In ya buɗe ya yi faɗi, an bi ta kansa da inji. Maganin tsatsa kaɗan kuwa mai ne da tsumma mai laushi da haƙuri. Abin da ya fi ƙarfin haka a kai wa wanda ya san tsofaffin bindigogi, a kuma gaya masa tun farko cewa tsayar da tsatsar ake so, ban da ƙawatawa.

Mariƙi, inda aka fi yin sakaci

Sabon shiga yakan ɗauki mariƙi kamar takalmi, in bai yi maka ba ka jefar ka sa wani. A tsofaffin Smith & Wesson, ɓarin katakon nan biyu da hannu aka daidaita su a jikin bindigar tun a masana'anta, sannan aka buga lambarta a cikin ɓarin dama, a wasu tsofaffin ma da fensir aka rubuta. Ke nan kowace bindiga da nata mariƙin, ba na ƙanwarta ba. Na taɓa sayen wata Model 10 mai tsabta ƙwarai, mai sayarwar ya rantse komai nata na asali ne. Da na kwance a gida, lambar cikin katakon dabam, ta gindin ƙarfen dabam. Bindigar lafiyarta ƙalau, amma kuɗin cikakkiya na biya. Tun daga ranar nake neman izini a kwance mariƙi a gabana kafin mu yi ciniki, kuma dillalin kirki ba ya ƙi.

Ko ba a kwance ba, fasalin katakon na faɗin zamaninsa. Smith & Wesson suna barin wata siffar lu'ulu'u mai kusurwa huɗu a kewayen sukurun mariƙi, ba a yi mata zane ba, har wajen 1968 da suka daina. In ka ga bindigar shekarun 1950 da mariƙi marar wannan alama, an canja shi. Manyan mariƙan da suka zo da .44 Magnum ta farko, waɗanda masu tarawa ke kwatanta kumburinsu da kwalbar Coca-Cola, yau su kaɗai ana sayar da su da tsadar wata bindigar sukutum, shi ya sa ake cire su a maye gurbinsu da na baya-bayan nan. Colt Python, da aka fara a 1955, ita ma mariƙinta ya sha canja fasali, kuma na jabu sun cika kasuwa, har da kwalayen jabu. A Colt ta soja kuwa, wadda aka fara ba dakarun doki a 1873, mariƙin katako ne guda ɗaya, kuma a jikinsa sufeton gwamnati ke buga hatiminsa. Hatimin O. W. Ainsworth, wanda ya duba na farko-farko, ana nemansa ruwa a jallo. Wanda ya bi wannan katako da sanfefa don ya yi sumul ya kankare mafi tsadar abin da ke jikin bindigar.

To, in mutum yana son ya riƙa harbawa a filin atisaye fa, kuma na asalin bai dace da hannunsa ba? Shawarata ɗaya ce: mariƙi biyu. A cire na asali, a rubuta lambar bindigar a takarda, a ɗaure su tare a adana. A sa wani na aiki. Ranar sayarwa ko bar wa magada, a mayar da na asali wurinsa.

Wajen zaɓen na aikin ma akwai tuntuɓe. Na farko, saye da sunan kamfani kawai. Smith & Wesson na da girman jiki iri-iri, J ƙarami, K matsakaici, L ya ɗan fi K girma, N babba, kuma K da L mariƙi ɗaya suke ci. Bayan haka akwai mai zagayayyen gindi da mai kusurwa, kuma na wannan ba ya zama daidai a kan wancan. Na biyu, zaɓe da ido. Mariƙi mai kauri yana da kyan gani, amma abin dubawa shi ne ko ɗan alinka zai isa kunama ba tare da ka karkatar da bindigar a tafin hannu ba. Ka riƙe ta babu harsashi, bayan ka duba da idonka cewa kowane rami fanko ne, bututun ya miƙe daidai da sangalin hannunka. A irin wadda jan kunama ke ɗaga guduma ya kuma juya ganga, gaɓar farko ta yatsa ya kamata ta hau kunamar. In sai ka murɗa hannu kafin ta kai, mariƙin ya yi maka girma. Wanda ya rufe ƙarfen baya yana ƙara nisa, ya dace da mai dogayen yatsu, mai ƙaramin hannu kuwa ya nemi wanda ya bar ƙarfen a fili. Masu gurbin yatsu an sassaƙa su ne a kan hannun wani, in gurbin bai faɗa inda yatsunka suke ba za ka yi ta kokawa da shi.

Akwai wani rata a bayan zoben da ke kare kunama, wanda a tsofaffin ƙananan mariƙai yake a buɗe, sai zoben ya riƙa bugun yatsan tsakiya duk harbi. Mutane kan canja mariƙi gaba ɗaya saboda wannan, alhali ɗan ƙarfen cike gurbi irin Tyler T-Grip yana magance shi, a bar katakon asali a wurinsa. Ita kuwa Single Action Army, mariƙinta mai kama da ƙotar garma an yi shi ne ya zame sama a tafin hannu idan ta yi tokari. Wanda ya sa mata roba mai kama fata ya hana ta wannan zamewar, ƙarfin ya koma wuyan hannunsa.

Roba na da wani aibin. Tana riƙe gumi da laima a ƙarƙashinta, sai a cire bayan shekaru a tarar da ƙarfen ya yi ramukan tsatsa. Duk mai amfani da ita ya riƙa cirewa yana shafa mai. Kuma a cire da dabara: a sassauta sukuru ba tare da an zare shi duka ba, a danna kansa ya tura ɗaya ɓarin, sannan a turo na biyun daga ciki. Ɓamɓara da bakin wuƙa ke tsaga gefen katako, ɗaure sukuru tamau ke fasa tsakiyarsa. Tsohuwar baƙar roba mai tauri da Colt ta yi amfani da ita tun shekarun 1880 ta fi katako saurin karyewa, rana kuma tana mayar da ita ruwan ƙasa.

Mariƙin hauren giwa kuwa ni ban ba kowa shawarar ya nufe shi ba. An hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun bayan matakin da CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji da ke fuskantar ƙarewa, ta ɗauka a 1989, kuma a 2016 Amurka ta tsaurara har ya zama kusan haramun a tsallaka da shi wata jiha don sayarwa. Mu da muka san abin da ya rage na giwaye a Yankari bai kamata a same mu cikin masu ƙara masa kasuwa ba.

Harsashin da ya shiga rami ba lalle ne nata ba

Nan kuskure na iya cin yatsu ko ido. Webley ta zama libarbar sojan Ingila a hukumance a 1887, kuma tana kan wannan matsayi har zamanin da rundunar Lugard ta ci Kano da Sakkwato a 1903, kuma kalmar libarba ma daga bakin Turawan muka aro ta. Bayan yaƙin duniya na biyu an kwaso Webley samfurin Mark VI da yawa zuwa Amurka, kuma da yake harsashinta .455 yana wuyar samu, sai aka aske bayan gangar don ta ci .45 ACP. Ƙarfin wannan harsashi ya zarce abin da aka gina ta a kai, kuma an sha ganin waɗanda suka fashe. Dubi lambar da ke jikin gangar ta baya: in ƙasan lambobin ya yanke, an aske ta. Haka Victory ta Smith & Wesson da aka yi wa Ingila a kan .38 S&W: an rarake ramukan wasunsu don su ci .38 Special, sai kwanso ya riƙa kumbura ko tsagewa, domin ramin ya fi shi faɗi.

A Colt akwai tarkon da ke kama har waɗanda suka ɗan jima. Wajen 1896 aka sauya sukurun da ke riƙe sandar ganga zuwa maɓallin dannawa, sai mutane suka ɗauka duk mai maɓalli tana jure albarushin zamani marar hayaƙi. Colt ba ta ba da wannan tabbaci ba sai 1900, daga wajen lambar bindiga ta 192,000. Wadda ke ƙasa da haka ta baƙin albarushi ce, ko ta ajiya. Kuma tsofaffin masu wannan fasali, har da Ruger Blackhawk na kafin 1973, harsashi biyar ake ɗura musu cikin ramuka shida, guduma ta kwanta a kan ramin da ba kowa, don in ta faɗi kan gudumar tana iya tashi. Ruger na sa wa tsofaffin nata kariya kyauta ta kuma dawo maka da kayan asali, a adana su tare da bindigar. Kowace tsohuwa dai maƙerin bindiga ya duba ta kafin harbin farko.

Sayen labari

"Ta wani shahararren ɗan sanda ce." "Da ita kakana ya je yaƙi." In babu takarda, kuɗin ƙarfe za ka biya. Colt da gidauniyar tarihin Smith & Wesson duk suna ba da wasiƙa daga kundinsu, in ka biya, mai nuna ranar da aka fitar da bindigar, inda aka aika ta, tsawon bututunta, irin rininta, sau da yawa har da mariƙinta. Wasiƙar kan tona bututun da aka yanke ko farin ƙarfen da aka shafa daga baya. Wajen neman ta a kula: a Smith & Wesson lambar gaskiya tana gindin mariƙi, lambobin da ake gani in an buɗe ganga a tsofaffi galibi na harhaɗawa ne a masana'anta.

Inda kuɗi ya yi yawa jabu ya fi yawa. Colt Walker ta 1847 guda 1,100 kacal aka yi, an kuma sayar da ɗaya a gwanjo kan dala miliyan 1.84 a 2018. Saboda haka ake ɗaukar kwaikwayon da kamfanonin Italiya ke yi da halal ɗinsu, a kankare tambarinsu, a tsufar da ƙarfen da gangan, a kawo wa mai zumuɗi. Duk Walker da aka ce an tsinta a akwatin kaka a farashi mai sauƙi, wuce ta.

Sauran ƙananan abubuwa ne da ke taruwa su yi yawa. Kada a wurga ganga ta rufe da karkaɗa hannu irin na 'yan fim, yana lanƙwasa ƙarfen da ke ɗauke da gangar. Sukurudireban kafinta yana cinye kan sukuru, akwai na bindiga mai miƙaƙƙen baki da ke cika tsagar daidai. Kube na fata da akwati mai soso duk suna jan laima, ba wurin dogon ajiya ba ne. A shafa mai kaɗan ko kakin adana kayan tarihi irin Renaissance Wax, a goge sawun yatsu bayan kowane taɓi, a kulle a akwatin ƙarfe inda laima take tsaka-tsaki, don bushewa ƙwarai ma tana tsaga katako. Harsasai a wani makullin dabam, mabuɗan kuma inda yara ba su sani ba.