Yadda za ka fara karatun waƙoƙin Basavanna

Ɗalibanmu na nan Sakkwato da suka samu gurbin karatu a jihar Karnataka ta Indiya sukan tambaye ni me za su karanta kafin tafiya. Amsata kullum ita ce waƙoƙin Basavanna, mawaƙi kuma jagoran addini da ya rayu a wannan yankin. Ni Musulmi ne, aƙidarsa daban da tawa, amma wanda zai zauna cikin mutane ya kamata ya san wa suke girmamawa da dalilin girmamawar.

Fara da zamaninsa, in ba haka ba waƙoƙin za su zo maka a dunƙule. An haife shi a garin Bagewadi a ƙarni na 12, a gidan Brahmana, wato ajin malaman addinin Hindu da ke saman kowa. Ya zama ma'aji kuma babban wazirin Sarki Bijjala a birnin Kalyana. A lokacin sana'ar ubanka ita ce darajarka har mutuwa, baduku ba ya cin abinci da malami. Basavanna ya ƙi wannan tsari. A zaurensa mai suna Anubhava Mantapa, mai wanki da baduku da mace duk suna zama suna faɗin albarkacin bakinsu kan ibada. Mabiyansa sun ruwaito cewa auren da aka ɗaura tsakanin ɗan baduku da 'yar Brahmana shi ya tayar da tarzomar da ta tarwatsa jama'arsa daga Kalyana.

Sai ka nemi waƙoƙin. Sunansu vachana, da wannan kalmar za ka bincika a intanet. Fassarar Ingilishi da A. K. Ramanujan ya fitar a 1973 ita ce mafi sauƙin samu. Gajeru ne, wasu ba su wuce layi shida ba, kuma kada ka tsaya neman amsa-amo irin na waƙoƙinmu, babu shi. Da harshen Kannada na talakawa ya yi su, ya bar Sanskrit na malamai. Mu da muka san dalilin da ya sa Nana Asma'u ta yi waƙoƙi da Hausa da Fulfulde don jajis su kai wa matan ƙauye, ba sai an yi mana dogon bayani a nan ba.

Ɗauki guda ɗaya, ka karanta da murya sau biyu, sannan ka duba ƙarshenta. Basavanna yana rufe waƙarsa da kiran Kudalasangamadeva, sunan da yake kiran Shiva, abin bautarsa, da shi, daga wurin da kogin Krishna da na Malaprabha suka haɗu, inda ya yi karatu kuma ya rasu. Wannan kiran shi ne sa hannunsa. Sauran mawaƙan vachana ma kowa da nasa: in ka ga Chennamallikarjuna, ta Akka Mahadevi ce. In Guheshwara ne, ta Allama Prabhu ce.

Wadda nake so ka fara da ita ita ce ta gina ɗakin bauta. Yana cewa masu kuɗi za su gina wa Shiva ɗakuna, shi talaka me zai yi? Ƙafafunsa su ne ginshiƙai, jikinsa ɗakin, kansa tulluwar zinariya. Abin da ke tsaye zai faɗi, mai tafiya shi ke wanzuwa. Tsaya ka yi tunani: ma'ajin sarki ne ke wannan magana, mutumin da dukiyar fada ke bi ta hannunsa. Daga nan za ka gane me ya sa mabiyansa, 'yan Lingayat, suke rataya ƙaramin linga, wato ɗan dutsen da ke alamta Shiva, a wuya cikin ɗan akwati, sau da yawa na azurfa, su yi ibadarsu da shi a tafin hannu.

In ka isa can ka yi abokin karatu ɗan Lingayat, roƙe shi ya rera maka ɗaya da Kannada, don har yau ana rera su. Ɗan akwatin da ke ƙirjinsa kuwa, kada ka kai masa hannu, tambaya kawai za ka yi cikin ladabi.