Yadda ake ziyartar kabarin Audie Murphy a Arlington

Audie Murphy sojan Amurka ne da ya hau kan motar yaƙi tana ci da wuta a Holtzwihr ta Faransa ranar 26 ga Janairun 1945, ya tare Jamusawa shi kaɗai kusan awa guda, daga baya ya fito a finafinai sama da 40. Yana kwance a maƙabartar Arlington, jihar Virginia.

Daga Washington, hau jirgin Metro na layin shuɗi ka sauka a tashar Arlington Cemetery. Shiga kyauta ne, amma akwai bincike a ƙofa, don haka riƙe fasfonka. Nufi Sashe na 46, daura da Memorial Amphitheater, dandalin taron tunawa da sojoji. Hawa ne, ka sa takalmin da ba ya matsi.

Inda mutane ke ɓata shi ne neman kabari mai ƙyalli. Ana zuba ruwan zinare a rubutun kabarin masu lambar Medal of Honor, lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka, wadda shi ma ya samu, amma shi ya ce a bar nasa kamar na kowane soja. Nemi farin dutse mai lamba 366-11. Za ka ga an rubuta 1924, alhali 1925 aka haife shi. Ƙarin shekara ya yi don a ɗauke shi soja.